Hajiya ta ce a kai mata yaro da zarar an yaye shi

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Ɗanmu na fari ya kusa isa yaye. Hajiyarmu ta aiko ƙanwata ta ce da zarar an cire shi daga nono a haɗa masa kayansa a kai mata, ita za ta riƙe shi. Ba da faɗa ta aiko ba. A wurinta abu ne da ba ya ma buƙatar shawara, don ni ma haka aka yi da ni: ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Mai ɗakina kuwa tun da ta ji maganar ko abincin kirki ta daina ci. Ta ce ba ta ƙi ya je ya kwana biyu ba, amma riƙo sam.

Akwai kuma wata a ƙasa. Yaron sunan mahaifina aka mayar masa, Allah ya jiƙansa, muna ce masa Halifa. To ita mai ɗakin nawa wani lokaci sai ta kira ainihin sunan gatsau, ko da Hajiya na zaune, ta ɗaga shi tana yi masa rawa a gaban surukai. Hajiya ba ta taɓa tanka mata ba, amma ta gaya wa ƙanwata cewa 'yan matan yanzu ba su da ta-ido. Mu muna Kano, ita tana gidan gado a garinmu, tafiyar kusan awa biyu a mota. Yaya zan yi?

Auta: Wa'alaikumussalam. Ka kai mata kawai Yaya. Mata ana sakewa, uwa ba a sakewa.

Maman Ilham: Ga shi nan an fara. To Auta ita matar ba uwa ba ce? Yaron daga sama ya faɗo? Duk ayar da za ka jawo a kan haƙƙin uwa, ita ma ta hau kanta a kan wannan yaron. Ta ɗauki ciki, ta yi naƙuda, ta yi wankan jego, ta yi kusan shekara biyu ba barcin kirki, sai yanzu da ya fara tafiya yana bin ta kicin za a ce a naɗe masa kaya?

Auta: Ni dai na san aljannarsa ba ta ƙarƙashin ƙafar matarsa.

Goggon Yara: Ku tsaya yara, kun fara faɗa ba ku ma san abin da Hajiya take nufi ba. Ni na ga ƙarshen wannan zamanin da idona, bari in gaya muku yadda yake.

A da yarinya ƙarama ake aurarwa. In ciki ya tsufa a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a can za ta yi arba'in. Wannan ɗan na fari ba ta kiran sunansa har abada. Sai dai ka ji “yaron nan”, ko “wancan”, ko ta yi gyaran murya kawai ya gane da shi ake. Ba ta ɗaukar sa a gaban manya, in za ta ba shi nono sai ta juya baya ko ta shige ƙurya. Shi kuma ya tashi yana ce mata Yaya ko Adda, kakarsa ce Inna. Da an yaye shi sai kaka ko goggo ko wata 'yar'uwa da Allah bai ba haihuwa ba ta ɗauke shi. Uwar ta samu sararin renon na biye, wadda ba ta da ɗa ta samu mai ɗebe mata kewa, zumunci kuma ya ƙara ƙulluwa. Ba mugunta ba ce, tsari ne.

Kuma kada wanda ya ce muku ba a son ɗan fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kallon babban yayanmu ido cikin ido ba. Amma ranar da aka yi miyar kaza, sai ta tsame cinya ta rufe a ɗan kwano ta tura ƙarƙashin gado. In dare ya yi ta kira ni ƙasa-ƙasa ta ce, “Kai wa wancan, kada ki ce ni na ba ki.” Shi ma ya san daga inda ta fito, ya cinye bai ce komai ba. Ranar da mota ta buge shi a hanyar kasuwa kowa na gidan ya yi kuka a tsakar gida, ita ta ci gaba da tankaɗen garinta, sai da muka ga garin ya jiƙe. Ya warke, yana nan da jikokinsa.

To Hajiya a wannan makarantar ta yi karatu. In ta ga suruka tana rawa da ɗan fari tana kiran sunan mijinta da ya rasu, a idonta an yi abu biyu a lokaci ɗaya.

Basakkwace: Goggo kin hwaɗi gaskiya. Mu nan haka munka tashi munka iske, wajen Hillani ma abin ya hi tsanani, uba ba shi zama inda ɗan hwarinshi yake. Kuma waɗanda anka rena haka su ne dattawan da muke alfahari da su yau. Ɗiyan yanzu da ake lallashi ana sumbata, mi sunka tsinana?

Nas ɗin Dare: Goggo Allah ya ƙara girma, labarin cinyar kazar nan ya taɓa ni. Amma bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki, don ni ɓangaren yara nake.

Za a kawo yaro ɗan fari jiki rau da zazzaɓi, wataƙila har ya fara jijjiga. Wadda ta rungumo shi kaka ce ko goggo. Ka tambaya yaushe ya fara, ya yi amai, me aka ba shi, sai a yi ta kame-kame. Uwar da ta kwana da shi, wadda ta san komai, tana can bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kunya. Sai na fita na jawo ta gefe kafin in samu bayani. Wannan kunyar ba ta da amfani a ɗakin likita.

Na biyu, yayen rana ɗaya. A shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauke yaro a kai shi wani gari, ya rasa nono ya rasa uwa a yini guda. Da yawa sukan ƙi cin abinci, ga gudawa, kafin a farga an shiga maganar tamowa. Yaye a hankali ake yi, ana rage nono ana ƙara abinci, uwar tana kusa. Sannan ku tuna shekarun da zazzaɓin cizon sauro ya fi kayar da yara ke nan, shi ya sa maganin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina na 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ne. Malam Ɗan Fagge, in jikin yaron ya yi zafi ƙarfe biyun dare, wa zai fita da shi a gidan Hajiya?

Malam na Tudun Wada: Bismillah. Tunda an ambaci aljanna, bari a sa kowace magana a muhallinta.

Haƙƙin Hajiya a kan ɗanta babba ne, babu mai jayayya. A Suratul Isra'i aya ta 23 Allah ya hana ko da cewa “uf” ga iyaye. A hadisin Bukhari da Muslim sau uku Annabi (SAW) ya ambaci uwa kafin ya ambaci uba. Wannan yana kan wuyan ɗan'uwanmu, kuma ko me za a yanke, bai halatta ya ɗaga mata murya ko ya yi mata gatsali ba.

Amma renon wannan yaron ba haƙƙinsa ba ne shi kaɗai da zai ɗauka ya yi kyauta da shi. Ko yayen ma, a Suratul Baƙara aya ta 233, da aka zo maganar yaye kafin cikar shekara biyu sai aka ɗora shi a kan yardar iyayen biyu da shawararsu. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ya zauna gaban malami a ƙasar nan ya karanta, an ce ko bayan saki uwa ce ke da reno har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani auren, sai kaka, sai 'yar'uwar uwa. A mazhabarmu ta Malikiyya dangin uwa ake gabatarwa a wannan babin kafin a zo kan kaka ta wajen uba. To in matar da aka saka ma ba a ƙwace mata ɗa, ina ga wadda ke ɗakinta lafiya lau? In ta yarda da daɗin rai, riƙo halal ne, alheri ne. In ba ta yarda ba, biyayyar iyaye ba ta zama hujjar danne haƙƙin wani.

Maganar kunya kuma, ƙwarai kunya reshe ce ta imani. Sai dai ƙin nuna wa ɗa ƙauna al'ada ce, ba ibada ba. Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Ya ɗauki jikarsa Umama yana salla. Nana Faɗima in ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta ya zaunar da ita a mazauninsa. Basakkwace, sumbatar yara ba daga Turawa aka koyo ta ba.

Auta: Allah ya gafarta Malam, to hadisin “kai da dukiyarka na mahaifinka ne” fa?

Malam na Tudun Wada: Yana nan, Ibn Majah ya ruwaito shi. Maganar dukiya yake yi da ɗaukar nauyin iyaye in suna da buƙata. Yaro ba dukiya ba ne, kuma yana da uwa.

Maman Ilham: Malam Allah ya saka da alheri. Ai har hadisi akwai cewa wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama.

Malam na Tudun Wada: Akwai shi a Tirmizi, amma malamai a babin bayi da fursunonin yaƙi suka fi kawo shi. Kada a ɗauke shi a jefi tsohuwar da ta nemi jikanta don ƙauna. A yi adalci ta kowane ɓangare, Maman Ilham.

Malamin Firamare: Ni abin da nake ganin an tsallake shi ne gidan da aka yi wa wannan al'adar ya rushe, mu kuma muna nan riƙe da rabinta.

Ku dubi gidan da Goggo ta kwatanta. Zaure ɗaya, sassa da yawa, tsakar gida ɗaya, tukunya ɗaya. Yaron da aka ce an ba kaka, ɗakin kakar yana kallon ɗakin uwarsa. Tana ganin shi safe da yamma, ta san ya ci ko bai ci ba, in ya yi tari cikin dare tana ji. Uwa ta yi kunya, uba ya ɗaure fuska, ba komai, don akwai kakar da za ta yi masa wasa ta ce masa mijina, akwai kawun da zai saɓa shi a kafaɗa zuwa kallon dambe, akwai goggon da zai gaya wa sirrinsa. Ƙaunar da iyaye suka ɓoye, wasu ne ke fito da ita fili a madadinsu. Shi ya sa dattawan da Basakkwace ke magana ba su tashi a gurguje ba.

Yau fa? Ciki da falo a gidan haya, maƙwabcinka ma ba ka san sunansa ba. Kaka tana wani gari, kawu yana Legas, goggo sai a waya. In ka kai yaro riƙo yanzu, raba shi ka yi da uwarsa da gaske, sai salla-salla. In kuma ka bar shi a gabanka ka ci gaba da ɗaure fuskar da babanka ya yi maka, to babu kowa a gidan da zai yi masa dariya. Wannan na biyun ne ya fi yawa, kuma shi nake gani a aji. Akwai yaran da in an ji ƙarar babur ɗin uba sai a kashe talabijin kowa ya nemi lungu. Na taɓa kiran wani uba kan ɗansa ya daina zuwa makaranta, na tambaye shi ajin da yaron yake, sai da ya juya ya tambayi yaron. Ba talauci ba ne, mutumin yana da shago biyu. A ganinsa ya ciyar, ya tufatar, ya biya kuɗin makaranta, magana ta ƙare.

Ku tuna 2018, lokacin da rahoton BBC ya tona yadda matasa ke kwankwaɗar maganin tari mai kodin, har gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na shekarar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Iyaye nawa ne sai da aka kira su ofishin 'yan sanda ko na NDLEA suka san halin da ɗansu ke ciki?

Basakkwace: Malam, wannan lissahin bai ce kunya ta jawo shaye-shaye ba. Kudu da ba su kunyar ɗan hwari ba su sha?

Malamin Firamare: Suna sha, kuma ban ce ita ta jawo ba. Cewa na yi uban da ɗansa ba ya iya zama kusa da shi, shi ne na ƙarshen jin labari.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni ɗan riƙo ne, kuma ban ga sharrinsa ba. Kawuna ya ɗauke ni zuwa Maraɗi ina ƙarami, shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi ya koya mini kasuwa, shi ya yi mini aure. Da an bar ni ƙauye da ban san inda nake ba yau. Abu guda dai zan faɗa tsakani da Allah: har gobe in na je gaida tsohuwa, in na durƙusa na ce ina kwana ta ce lafiya lau, shi ke nan hira ta ƙare. Ƙannena su zauna kan tabarmarta suna ta raha da ita, ni ina bakin ƙofa kamar baƙo. Da ta kwanta ciwo ni na biya komai, amma abin da ke damun ta su take gaya wa, su su gaya mini. Ba na jin haushi. Ɗiyana dai ban ba kowa ba.

Wadda Aka Riƙa: Ku yi haƙuri ban sa sunana ba. Kai ka yi dace Ɗan Damagaram. Ni goggota aka ba. Ita ma da “kawo ta ta ɗebe min kewa” aka fara. Ina shekara bakwai aka ɗora min farantin talla, 'ya'yanta na tafiya makaranta ni ina zagaya tasha da dafaffiyar gyaɗa. In mahaifiyata ta zo ta ga kaushin ƙafata sai ta kau da kai, don in ta yi magana za a ce ba ta da kunya, ta bi bayan 'yar fari. Babana kuma ba zai iya karɓo ni ba, wai kada zumunci ya ɓaci. Zumuncin bai ɓaci ba, ni ce ban yi karatu ba sai da na shiga makarantar manya bayan na yi aure. Ban ce Hajiya haka za ta yi ba, kaka daban goggo daban. Amma ku sani bayarwa tana da sauƙi, karɓowa ce aiki.

Goggon Yara: Allah sarki 'yata. Wannan cin amana ne, ko a da ma ana zagin mai yin haka. Allah ya saka miki.

Hajiya Babba: Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Kowa na ta fassara al'ada da fiƙihu, ba wanda ya tambayi halin da matar nan take ciki. Ɗana Ɗan Fagge, mijinta ya rasu. Su wa ke gidan tare da ita yanzu?

Ɗan Fagge: Ranki ya daɗe, daga ita sai ƙanwar tawa da ta aiko, sai wasu 'yan haya a sashen waje. Sauran duk mun watse, mata suna gidajensu. Ita ƙanwar ma an sa ranar bikinta bayan babbar salla.

Hajiya Babba: To ka ji. Ba riƙo take nema ba, tsoron gidan take ji. Ni na san wannan, don nawa ma duk sun tashi. Mace ta yi shekara arba'in tana dafa tukunyar mutum goma sha, rana ɗaya ta wayi gari ko gwangwani ɗaya ta dafa sai ya kwana. Irinmu ba ma iya buɗe baki mu ce wa ɗa “ina jin kaɗaici”, balle ɗan fari da ko sunansa ba ma kira. Sai mu ce a kawo yaro. Ga shi kuma yaron sunan maigidanta gare shi. Ka kai shi ko kada ka kai shi, in ba ka magance wannan ba, ba ka yi komai ba. Yaro ɗan shekara biyu ma ba abokin zama ba ne ga mai ciwon gwiwa, wahala zai ƙara mata, ita ma ta sani.

Maman Ilham: Wallahi Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi. To ya dawo da ita Kano mana.

Hajiya Babba: Ba za ta zo ba. Ta bar ɗakin da mijinta ya bar ta, ta bar maƙwabtan da suke zuwa suna da biki tare, ta zo ta zauna a falon suruka tana kallon bango? Ta zo ganin likita ta yi sati, wannan za ta yi. A nemo wata 'yar'uwa bazawara ko dattijuwa cikin dangi ta koma gidan, shi ya ɗauki nauyin cinta. Ko cikin jikoki a samu wanda ya yi wayo, ɗan sakandare, wanda uwarsa ta yarda, ya yi karatunsa a can.

Auta: Duk wannan zagaye-zagaye ne. Uwa ta faɗi abin da take so ƙarara. Kuma a wannan tsadar, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, wa zai iya jigilar zuwa duk mako? Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne fa. Ka kai yaro ka huta, ka samu albarka.

Maman Ilham: Kai dai Auta ka yi aure tukuna mu gani.

Mai Tarihi: Ƙarin bayani ga masu ganin jawo 'ya'ya a jiki sabon abu ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya karantar da 'ya'yansa, maza da mata. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda malamai mata da ake kira jaji ke zuwa su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. A Nurul Albab Shehu ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Gidan Fulani ne, gidan kunya ne, amma kunyar ba ta hana uba zama da 'yarsa a kan littafi ba.

Basakkwace: Wannan kam ba ni musu, a gidanmu anka yi shi.

Shugaban Zaure: Jama'a a dawo kan tambaya. Mutum ya ce yaya zai yi. Auta da Maman Ilham, na goge saƙonninku biyu na ƙarshe, a kiyaye harshe.

Goggon Yara: To ga yadda za a yi, ɗana. Na farko, kada maganar nan ta bi ta waya, kada kuma ta sake bi ta bakin ƙanwarka. Na biyu, kada sunan matarka ya fito a ciki ko sau ɗaya. Ranar da Hajiya ta ji cewa suruka ce ta hana, ka ƙulla gabar da za ta fi ƙarfinka. Kai ma ba za ka iya kallon ta ka ce a'a ba, ba a yi muku wannan sabon ba. Ka nemi wanda take jin nauyinsa, yayanta ko ƙaninta, kawunka dai. Ka same shi har gida da ɗan goronka ka zayyana masa komai, har maganar wanda zai zauna da ita bayan biki. Shi ya san yadda zai ce mata yaro ya yi ƙanƙanta, a bari ya yi ƙwari, ga kuma wance za ta dawo gidan.

Ita kuma 'yar tawa ka gaya mata ta daina kiran sunan nan a gaban Hajiya. Halifa ya ishe ta. A ɗakinta ta yi masa rawa har da juyi, ba mai hana ta, amma in surukai na zaune ta miƙa shi ga kakarsa ta ja gefe. Ba ta rasa komai ba. Lokacin bikin ƙanwar taka ta riga kowa zuwa, ta yi kwanaki, ta bar yaron ya saba da cinyar Hajiya, ta karɓi girki. Daga nan duk hutu a riƙa kai shi.

Maman Ilham: Na yarda da rabin maganar Goggo. Sunan kam ta bari, ko ni ba zan kira sunan surukina a gaban matarsa ba. Amma me ya sa kullum mace ce za ta lanƙwasa? Sannan wannan zuwa bikin da yaro, ina jin tsoronsa. Gida cike da dangi, ranar komawa wata goggo ta ce “a bar shi mana ya ƙara kwana biyu”, kowa ya goya mata baya. Yarinya ita kaɗai a tsakiyar dangin miji, da wane bakin za ta ce a'a?

Wadda Aka Riƙa: Haka aka yi da ni. Suna muka je.

Nas ɗin Dare: Shi ya sa a gama maganar kawu kafin biki, ba bayansa ba. Kuma kada a haɗa yaye da wannan tafiyar, ko a yaye shi tun da sauran lokaci ko a bari sai an dawo. In kun je a duba hawan jinin Hajiya da sukarinta, masu shekarunta da yawa suna yawo da su ba su sani ba.

Maman Ilham: Kuma shi maigidan ya faɗi ranar dawowarsu a gaban kowa tun ranar da suka sauka, ya zo da kansa ya ɗauke su.

Goggon Yara: Zuwa ɗaukar su kam dole ya zo da kansa. Amma ranar, kawun ne zai faɗa, ba shi ba. In ta fito daga bakinsa Hajiya za ta ce ya yi mata iyaka da jikanta a gaban mutane.